Kukan Masu Kallo Na Dubeli Ga Darakta Ɗanburam

Zuwa ga Mai Girma Darakta Nu'uman Ɗanburam,
Shugaba, marubuci, mai ɗaukar hoto, kuma mai ba da umarni,
Kamfanin Fina-finan Kwalekwale,
Karewa, Jimeta.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da kyamara da duk ma'aikatan da ke riƙe maka lema. Allah ya ƙara ɗaukaka, ya sa zafin Yola ya riƙa tsallake ofishinka.

Sunana Hajja Zinariya, mai sayar da atamfa a kasuwar Jimeta, mazauniyar Dubeli. Na gabatar da kaina ne saboda an ce manya mantuwa gare su. Idan ranka ya daɗe zai tuna, a shekarar da mutane suka gudo daga Mubi da Michika, wani saurayi ya iso zaurenmu da takalmi ƙafa ɗaya da waya marar caji, ya shekara yana cin tuwona yana ɗaukar kajina hoto. A lokacin Nu'u nake ce masa. Yanzu na ji ana kiransa fasihi a rediyo, don haka ni ma na gyara bakina. Na sha kiran lambarka, kullum wata mai daɗin murya ke cewa, "Oga yana lokeshan." Tunda ban san unguwar da ake kira haka ba, sai na ɗauki biro.

Muna da majalisar kallo a tsakar gida kowace Lahadi da yamma. Akwai ni, da maigidana Malam Muhsin da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, da Gogo ƙanwar babansa, da ɗiyata Nahla mai haɗa mana waya da talabijin. Sai Keturah, wadda ta zo daga Michika a shekarar da ka zo, ta zauna da mu har yau, tana ɗinki a gefen shagona. Mun kalli fina-finanka na baya-bayan nan kaf, kuma majalisa ta wakilta ni in gabatar da 'yan koke-koke, cikin ladabi.

1. Maganar shayi. A fim ɗinka Gawayin Jiya, wani bawan Allah ya ɗora buta a wuta ya zauna yana kallonta. Mu ma muka zauna muna kallonsa. Da shirun ya yi yawa, Nahla ta zaci waya ce ta tsaya, ta cire ta hura ta mayar, ashe fim ɗin ne a haka. Gogo ta tashi ta yi alwala, ta yi magariba da nafila, ta ja carbi, ta dawo ta tarar ruwan bai tafasa ba. Ranka ya daɗe, gawayin jiƙaƙƙe ne? Ko kuwa a duk kamfanin babu mai mafici? Gogo ta ce in gaya maka, a zamaninta macen da ta haɗa shayi haka sai an kai ƙararta gidansu.

2. Maganar agwagwa. Mun lura babu fim ɗinka da wata farar agwagwa ba ta gilma a cikinsa. Ana ɗaurin aure ta wuce, ana shari'a ta wuce, har a ɗakin likita mun gan ta. Wannan tsuntsuwa ta raba mana kan gida. Malam ya ce gwamnati kake nufi da agwagwar, domin takan zo ta duba ta tafi ba ta yi komai ba. Nahla ta ce ta ji ka a rediyo kana cewa alama ce. Alamar me? Keturah ta ce, "Hajja, agwagwa ce kawai, ku bar ta ta nemi abincinta." Ita kuwa Gogo ta yanke hukunci cewa duk cikin 'yan wasanka agwagwar ce ta fi sanin inda za ta.

3. Maganar ƙeya. Ummu Salma 'yar maƙwabciyarmu ta fito a fim ɗinka Mai Fito Ya Makara. Uwarta ta ɗauko kujerun haya, ta dama zoɓo, ta gayyato dangi tun daga cikin garin Yola su zo su ga 'yarsu a talabijin. Daga farko har ƙarshe ta baya ka ɗauke ta. Ƙeya muka gani, sai kafaɗa, sai ɗankwali. Ba don wata yayar babanta ta miƙe ta ce, "Ai wannan ɗankwalina ne da ta ara da Sallah," da har yau ba wanda zai yarda ita ce. Shin fuska ta yi tsada ne a kamfaninka? Yarinya kyakkyawa, Allah ya yi mata hanci har baka, amma yanzu samarin layi ba sa gane ta sai ta ba su baya.

4. Wannan koken nawa ne ni kaɗai, kuma ya fi ci mini rai. Ka aiko aka ɗauki mijina ya fito a matsayin gawa. Ban hana ba, na ce aiki ne da ya dace da mai ritaya. To amma barci ya kwashe shi a kan tabarmar, ya yi ta minshari, kai kuma maimakon ka yanke wurin sai ka bar shi, wai ya ƙara wa fim ma'ana. Tun daga ranar ban ƙara samun miji ba, jarumi na samu. Ya sayo baƙin tabarau. In na ce ya leƙa ko mai ruwa ya iso, sai ya ce, "Hajja, ki yi tunani, idan masoya suka gan ni fa?" Masoyan nan, ranka ya daɗe, su ne mai shayin bakin layi da wani mai gyaran keke. A masallaci kuwa abokansa sun sa masa suna Marigayi, yana amsawa da murmushi. Ina roƙon alfarma: idan za ka sake ɗaukarsa, ka ba shi matsayin mutumin da ke taya matarsa aikin gida, ko ya saba.

5. Na ƙarshe, kuma a nan zan ajiye wasa kaɗan. Lahadin da ta wuce muka kalli sabon fim ɗinka Tafiyar Ƙafa, na mutanen da suka baro garinsu a guje. Gaskiya ɗaya ce, ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya tashi. Ka nuna matar da ta goyo ɗa tana jan wani, da tsohon da ya ƙi yar da rediyonsa, da yadda ake rabon ruwa da murfin jarka. Malam ya cire tabarau ya sa a aljihu. Duk abin da muka gani da idonmu a shekarar nan ka dawo mana da shi, ba ragi ba ƙari.

Sai ka zo ƙarshe. Matar da ta rabu da mijinta a hanya tana zaune a gidan da aka sauke ta, shekaru sun wuce. Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta miƙe, ta kai hannu ga sakata, sai ka baƙanta allo, sunaye suka fara hawa.

Ka san Keturah, ka kuma san labarin Zadok mijinta. A bakin wani rafi suka rabu, ya ce ta haye da yara zai koma ya ɗauko mahaifiyarsa, kuma har yau babu shi babu labarinsa. Da aka yi ƙwanƙwasar nan a fim, Keturah ta miƙe tsaye tare da matar, ta ce da ƙarfi, "Waye?" Da ta ga sunaye na hawa sai ta koma ta zauna, ta ce wa Nahla ta mayar baya, wai ko wuta ce ta yi wasa. Nahla ta mayar. Haka dai ya sake ƙarewa. Tuwon da na zuba mata ranar ko taɓa shi ba ta yi ba.

Washegari a shago tana kan keken ɗinki ta ce da ni, "Hajja, ki tambayi Nu'u. Ai shi ya rubuta, ya san wanda ke bayan ƙofar." Na ce mata wataƙila shi ma bai sani ba. Ta ce, "To ya buɗe mana. Ko mai karɓar kuɗin wuta ne, a buɗe a gani. Tsayuwa da hannu a kan sakata ita ce wahalar."

Ban zarge ka ba, ɗana. Ni na riƙa ganinka zaune a bakin zaure kana duban duk motar da ta fito daga hanyar Mubi, kana jiran yayanka Umair, kuma na san shi ma bai zo ba. Na gane ƙofar nan ba don ka burge masu rediyo ka bar ta a rufe ba. Ba kuma cewa nake ka yi mata ƙarya ka dawo da wanda Allah bai dawo da shi ba. Abin da majalisa ke nema ƙarami ne: ka zo da kanka ka zauna da ita. Idan ka san wanda ya ƙwanƙwasa, ka faɗa mata. Idan ba ka sani ba, ka faɗa mata haka da bakinka, domin daga gare ka za ta fi karɓa, ku biyu kuka san nauyin abin.

Ka zo ranar Lahadi, Keturah takan dawo daga coci da azahar. Zan yi miyar kuka da busasshen kifin Binuwai. Sai dai ina tunatar da mai girma Darakta, cikin girmamawa, cewa idan ya iso ya yi sallama da murya tun daga bakin layi. Kada ya ƙwanƙwasa.

Ina neman afuwa idan biro ya yi tsalle ya taka martabar kamfani. Allah ya ja zamanin Darakta, ya ƙara basira, ya sa a gama lafiya.

Taka mai biyayya, kuma mai kallon duk abin da ka fitar komai tsawonsa,

Hajja Zinariya,
A madadin Majalisar Kallo,
Dubeli, Jimeta.