Yadda Badaru Ya Kori Malami da Turanci

Jama'a, shekaranjiya a layin mai na wuni a kan hanyar Zakirai. Sai da na zo daf da famfo, sannan mai zuba man ya rataye tiyo, ya ce wanda ya rage na manya ne. Na turo babur ɗina zuwa gida ina gumi, ina yi wa shugabanninmu irin addu'ar da edita ba zai buga ba. Ina shigowa gonakin bayan gari sai na ji wani yana sara ƙasa da fartanya, kowace sara da kalmarta: "Wi lan! Wi rid! Wi fas!" Na leƙa cikin gero, sai ga Badaru.

Na ce, "Badaru, lafiya? Yaushe ka fara yi wa ciyawa Turanci?"

Ya ɗago ya share goshi ya ce, "Malam, da waɗannan kalmomin na rufe makarantar garinmu. Ina sara su ne ko za su fita daga kaina."

Badaru maƙwabcina ne, manomin gero da gyaɗa. Shi iyayen yara suka naɗa shugabansu a firamaren ƙauyenmu, don yana da baki kuma ba ya rawar jiki in ya ga mai takalmi sau-ciki. Makarantar aji shida ce, malami ɗaya, Malam Hadi. Shi ne hedimasta, shi ne mai lissafi, shi ke kaɗa ƙararrawa. Malamin Turanci ya daɗe da komawa Kano tuƙin adaidaita sahu. Duk shekara 'yan aji shida su je jarrabawar shiga sakandare, su dawo da felin. Bana 'yar Badaru, Zulaihatu, tana cikinsu, yarinya mai kai, kuma uban ya rantse sai ya samo musu malami ko da zai kwana a ƙofar ofishin ilimi.

Ana haka sai labari ya zo cewa Yallaɓai Mai Jiniya, Uban Ilimi, Garkuwar Alli da Allo, zai sauka a garinmu ya buɗe Makon Turanci. Aka turo Tasi'u, wanda ke riƙe wa Yallaɓai wayoyi, ya shirya taro. Badaru ya tare shi ya ce yana son a ba shi makirfo ya roƙi malami.

Tasi'u ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai kai ne ma babban mai jawabi. Amma Makon Turanci ne, Yallaɓai ba zai ji Hausa ba a ranar."

"To ni ina na iya?"

"Sauƙi gare shi. Ce: De tic."

"De tic. Me ke nan?"

"Tic koyarwa ce. Turanci ba ya son doguwar magana. Kana cewa haka sun gane mai koyarwa kake nema. Ce: Wi lan, wi rid, wi rait. Koyo da karatu da rubutu ke nan, abin da kuke so. Sai ka rufe da wi fas."

Nan Badaru ya tsaya, don wannan kalmar ya san ta, kamar yadda ya san 'yar'uwarta felin. Ya ce, "Fas kuma? Wa ya yi fasin a garin nan?"

Tasi'u ya ce, "Haba Baba, fata ne. Ba a yi wa yara fatan alheri?"

Badaru ya ɗauki abin da gaske. Yana noma yana haddacewa, yana alwala yana bita, har matarsa Hure ta ce ko fura ta miƙa masa sai ya ce mata wi lan. Ni kaina na ji shi ta katanga, na ɗauka wata sabuwar wazifa ce.

Ranar taro tifa ta kawo bencina daga wata makarantar. Aka shafa wa bangon gaba fenti, aka bar na baya da tsagarsa. An ce ƙarfe goma, Yallaɓai ya iso bayan azahar, yara sun bushe a rana. Ya yi jawabi mai tsawo da Turancin da ya fi na Badaru yawa, ban ce ya fi shi kyau ba. Sannan aka kira shugaban iyaye. Badaru ya miƙe cikin rigarsa ta sallah, ya tuna Zulaihatu, ya zuba kalmomin nan kamar mai roƙon ruwa. Wuri ya ɗauki tafi. Yallaɓai da kansa ya taso ya rungume shi, masu kyamara suka yi ca. Malam Hadi kaɗai ya sunkuyar da kai. Kafin magariba tifa ta dawo ta kwashe bencinanta.

Washegari Hure tana dama koko rediyo na kunne, sai aka ce: shugaban iyayen yara ya tabbatar wa Yallaɓai cewa malamai na koyarwa, yara na koyo, suna karatu da rubutu, suna kuma cin jarrabawa. Badaru ya ajiye ludayi, ya fita ko hula babu, sai gidan Malam Hadi.

"Malam, ka san abin da nake faɗa?"

"Na sani, Baba. An ce in na buɗe baki za a jefa ni ƙauyen da ko sabis babu."

Shirun bai cece shi ba, ko kuma ya cece shi, ya danganta da wanda ka tambaya. Ba a daɗe ba aka ɗauke Malam Hadi zuwa ofis, wai ya je ya koya wa sauran hedimastoci sirrin nasararsa. Ba a aiko da kowa a madadinsa ba. Zulaihatu ta yi ta sa yunifom da safe tana zama a zaure, daga baya ta ninke shi ta bi uwarta cirar gyaɗa. Awakin unguwa suka gaji aji shida, kuma in gaskiya za a faɗa, ba sa fashi.

Badaru ya je ofis. Ya wuni a benci kafin Tasi'u ya fito. Ya ce da Hausa, tiryan-tiryan, "Malami muke so." Tasi'u ya zaro ɗaya daga cikin wayoyin, ya latsa, sai ga Badaru a rigar sallah yana rantse wa duniya cewa wi fas.

"Muryar wa ce wannan, Baba? Makarantar da ke fasin ai ba ta cikin masu neman agaji. Ka bari a taimaki na baya."

Ni dai na sara wa Yallaɓai, Allah ya ƙara wa jiniya ƙara. Ƙasashen da ba su da dabara sai sun gina aji, sun ɗauki malami, sun jira shekaru kafin yaro ya ci jarrabawa. Mu a nan an gano cewa manomi ɗaya da makirfo ya isa. Kuma kada wani ya ce Makon Turanci bai yi amfani ba. Mutum guda ya koyi Turanci a garinmu, ya haddace har ba ya iya mantawa, ga shi can yana zazzage wa gero.

Jiya kuma aka aiko wa Badaru gayyata, wai a matsayinsa na uba abin koyi zai yi jawabi a taron ƙauyen gaba da mu. Kafin ya ba da amsa, dattawan can sun turo ɗan aike. Sun ce yana iya zuwa, za a dama masa fura, amma ya yi sallama da Hausa ya yi bankwana da Hausa, don su ma malaminsu ɗaya ne.