Bahar Maliya a Gindin Randa

"…lafiya lau, alhamdu lillahi, gajiya ta bi lafiya. Ina tsufa? Hajiya Saura-Ƙiris, ɗaga mini labulen nan, hannuna ba sarari."

"Wa nake ji kamar mijin nan nawa da ya tafi birni neman arziki, arzikin ya hango shi ya sake hanya?"

"Shi ne da kansa. Ɗaga labule, Barira, sauri nake."

"Sauri ya haifi nawa. Tsaya nan ka ƙarasa gaisuwa. Ya mutanen Kano? Ya yunwa?"

Uwaisu ke nan a ƙofar ɗakin kakarsa, rungume da bokiti, yana ɗaga wannan ƙafa yana sauke waccan kamar wanda ya taka garwashi. Bazara ce irin wadda kaji ke buɗe baki su saki fukafukai, a shekarar nan da kuɗin mota ya hau sama ya ƙi saukowa, kwanon gero ya koma abin kallo daga nesa. A Kano, aikin share-share yake yi a gidan wani Balarabe mai masana'antar roba. Man inji ya gagara, masana'anta ta rufe, Balarabe ya tattara zai koma ƙasarsu, ya ce kowane ma'aikaci ya zaɓi abu guda a gidan. Masu hankali suka ɗauki fanka da katifa. Uwaisu, da yake kansa ba irin na mutane ba ne, ya nuna ƙaramin akwatin gilashin da ya saba gogewa, da kifayen teku guda biyu da ke cikinsa.

Ga su nan a ɗaure cikin leda a bokiti, sun sha rana tun daga tasha har Zakirai, daga Zakirai kuma a bayan acaɓa. Abu ɗaya ya sani game da su tabbas: zafi ne ajalinsu. Ɗakinsa kuwa rufin kwano ne, ƙwai ma in ka ajiye sai ya dahu. Duk gidan nan wuri ɗaya ne mai sanyi, wato tsohon soron ƙasa mai rufin azara na Barira, a kusurwar nan da randarta ke zaune kan jiƙaƙƙen yashi.

Tsohuwa ta ɗaga labule ta leƙa bokitin.

"Iye! Yau miji ya yi cefane! Ashe ina da rabon ganin wannan rana. Amma dai kai, rowarka ta gado ce. Waɗannan 'yan mitsil-mitsil ɗin, ai ko cokali ba za su yi wa ƙarni ba. Miƙo, in jefa su a kuka haka nan."

"Ki jefa wa? Ke, janye hannunki! Waɗannan ba na ci ba ne."

"Na mene ne?"

"Na kallo."

Barira ta dube shi daga hula har silifa.

"Na kallo."

"Na kallo mana. Manyan mutane a falo suke ajiye su."

"Oho. To Allah ya kawo mu. Tukunyata rabonta da kifi tun kaka, sai ga maigida ya taso daga birni takanas ya kawo mini wanda zan kalla. Kakanka Mati in ya dawo daga Ɗambatta, tun daga zaure ake jin ƙamshin tsire. Kai kuwa ƙamshin fadama kake."

"Shi ya sa haƙoranki suka ƙare da wuri. Ni lafiyar bakinki nake dubawa. Matsa in wuce, zan ɗauke randar nan."

"Za ka ɗauke me?"

"Randa. Can bayan ƙofa zan mayar miki da ita. Akwatin a nan zai zauna."

"Lallai ruwa ba ya tsami banza! Ni na ce, yaushe mijin nan ya fara gaishe ni da rana tsaka? Randar nan tun ana goyon ubanka take wurin nan. Ko Mati bai taɓa matsar da ita ba, shi da ya biya sadaki. Kai me ka biya?"

"Ni ai ke kika nace."

"Na nace wa tsumma? Kai ɗakinka mana."

"Ɗakina tanda ce, su mutu?"

"To in sun mutu ba shi ke nan ba? Banza ta kori wofi, miya ta samu."

Uwaisu ya koma tsakar gida. Ya dire bokiti a inuwar bango, ya ruga zaure, ya dawo da akwatin gilashi naɗe a bargo. Ya sake rugawa, ya dawo da jarka a kafaɗa. Ya sake, sai ga buhun fiya wata da wani bokitin. Barira ta kafa kujerarta 'yar tsugunno a bakin ƙofa daidai, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya, tana fifita da maficinta.

"Wannan kuma fa?"

"Duwatsu ne."

"Duwatsu! Ka biya wa duwatsu kuɗin mota? Bayan gidan nan ba ga su can ba, har tuntuɓe muke?"

"Waɗannan masu rai ne. Akwai 'yan halittu a jikinsu da ido ba ya gani, su ke tsabtace ruwan. In suka bushe an gama."

"Dutse mai rai, miji mara kai. To wannan farin garin na leda?"

"Gishiri."

Nan fa mafici ya tsaya. Tsohuwa ta ga ya farke ledojin fiya wata yana tsiyayawa a roba, ruwan da ba a sha a gidan sai ranar suna, ya kuma cika gwangwani da gishiri ya juye a ciki, ya ƙara, yana motsawa da hannu.

"Uwaisu! Gishirin ne kake zubarwa a ruwa? A wannan shekara? Ni da yatsu uku nake ɗiba, in zan saka sai na yi bisimilla sau biyu!"

"Ba irin naki ba ne. Na teku ne. Su a ruwan gishiri suke rayuwa."

"Ruwan gishiri kake nema? Ga rijiyar zartsi can bayan masallaci, wadda ko jaki ya sansana sai ya juya. Je ka zuba su ciki, kyauta."

"Kin ji matsalar kifin rijiya. Ke duk duniyarki daga nan sai Minjibir."

"Kai da ka ga duniya me ka zo da shi? Ajin makarantar ma ta taga ka fita."

Ya ciro wata 'yar roba mai allura a ciki, ya cika ta da ruwan, ya ɗaga yana ƙanƙance ido.

"Me take cewa, likita bokan Turai?"

"Gishiri take aunawa. Ya ɗan yi kaɗan."

"Miƙo in ɗanɗana, harshena ya fi wannan abar."

"Harshenki ai shi ya kori Mati lahira."

"Shi zai raka ka kai ma."

Ya ƙara gishiri, ya motsa, ya auna, ya tashi ya leƙa bokitin kifi, ya dawo ya tsuguna, ya sake miƙewa. Zufa har ta gemu. Inuwar bangon da ya ajiye bokitin sai janyewa take, rana ta fara lasar bakinsa. Ya ja shi ciki da ƙafa.

"Barira, don Allah matsa."

"Ba na jin don Allahn mayaudari. Kuma gindin randar nan da mai shi. Akwai kwaɗona da ke kwana a wurin, shekara da shekaru. Bai taɓa ce mini kifin rijiya ba."

"Zan ba shi haƙuri."

"Shi ya fi ka amfani, yana cin sauro. Naka me suke ci?"

"Abincinsu daban ne, yana gwangwani."

"Ka ji! Mu tuwo sau ɗaya a wuni, baƙi kuwa da gwangwaninsu. Wai ma daga wane gari suke, da har za a tashi tsohuwa a ba su wuri?"

"Daga Bahar Maliya."

"Wace Maliyar? Wadda ta cinye Fir'auna?"

"Ita."

"Shi ne za ka girke mini ita a kan gado? In ta yi ambaliya da dare fa? Ka ga na yi maka kama da rundunarsa?"

"Kamar kam akwai, wajen taurin kai."

Ya faɗa yana dariya, ya leƙa bokitin, sai dariyar ta ɗauke. Ɗaya daga cikin kifayen, ƙaramin, ya kwanta a gefe ɗaya a saman ruwan leda, yana buɗe baki yana rufewa da sauri-sauri. Uwaisu ya taɓa ledar. Ɗumi kamar kunun da aka sauke ɗazu. Ya ɗago ta da hannu biyu, ya dubi ɗakinsa, ya dubi zaure, ya dubi ƙafafun da suka tare ƙofa.

"Inna," ya ce.

Barira ta ɗago kai. Rabon da yaron nan ya kira ta Inna tun yana yawo ba wando.

Sunan nan na Saura-Ƙiris ma shi ya laƙaba mata. Shekarun baya ta sayar da shanunta za ta Makka, kafin a kai ga sunanta kuɗin kujera ya yi tsalle ya bar ta, abin da ta tara kuma ya bi ta rumbu da tukunya, gida ya cinye. Duk gidan ba mai iya tayar da maganar a gabanta sai shi, don jika bakinsa ba linzami.

"Ke kika ce mini in kin je za ki ɗebo mini ruwan Maliya a kwalba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kin ce an gaya miki ruwa ne da ba a hango gaɓarsa. Na yi ta jira, na ji shiru. Da aka ce kowa ya zaɓa, na ga fankar nan sarai, ba makaho ba ne ni. Na ce bari dai ni in ɗebo miki. Ga shi kuma zai mutu a ƙofar ɗakinki ba ki ko gan shi yana iyo ba."

Tsohuwa ta dafa bango. Ta miƙe da saurin da gwiwoyinta suka daɗe ba su yi ba, ta fizge ledar daga hannunsa, ta shige ɗaki.

"Kar ki kwance! Ruwan randa zai kashe su!"

"Rufe mini baki, wa ya ce zan kwance?"

Ta ɗebo ruwan randa a babbar ƙwarya, ta ɗora ledar a kai a ɗaure, tana yi mata fifita.

"A hankali, kar sanyin ya yi musu yawa lokaci ɗaya."

"Ni za ka koya wa jinya? Na raini ubanka, na raine ka, duk ba ku fi kifin nan wahala ba? Tsaya nan kana kallona kamar gunki! Ɗauke randar!"

"Na'am?"

"Ka kurmance ne? Ka ɗauke ta, kuma in ka fasa mini ita sai na fasa kanka."

Uwaisu ya rungumi randa ya kai ta bayan ƙofa, kwaɗo ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin gado. Ya baje yashin da tafin hannu har ya daidaita, ya shimfiɗa katako, ya girka akwatin. Ya zuba farin rairayi, ya jera duwatsu da 'yan kogunansu, ya tsiyaya ruwan jarka, wanda ya ɗebo daga tsohon mazauninsu, a kan faranti don kada rairayin ya tashi, ya cike da sabon haɗi. Ya maƙala ɗan injin iska a batirin sola, sai ga kumfa tana tasowa siri-siri. Barira kuwa ta kwance jiƙaƙƙen buhun da take naɗe randarta da shi, ta yafa wa akwatin ta baya da gefe, ta bar gaba a buɗe.

Suka jira. Jira kuwa a wurin Uwaisu ya fi ɗaukar randa wuya: ya tsuguna, ya tashi, ya leƙa, ya taɓa gilashi, har sai da ta buge masa hannu da mafici. Da ruwan akwati ya lafa, ya mayar da ledar ciki tana yawo, yana ɗiba da murfin jarka yana ƙara mata kaɗan-kaɗan. Can ya kwance bakinta ya karkata.

Babban ya fita fit, ya shige dutse. Ƙaramin ya sulale ƙasa a karkace, ya tsaya. Sai ya kaɗa wutsiya, ya miƙe, ya bi ɗan'uwansa yana rangaji, ja kamar ruwan goro, da farar ɗamara har uku.

Barira ta matso da kujerarta har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta daɗe a haka. Sannan ta tsoma ɗan yatsa a ruwan ta kai baki, ta yamutsa fuska, ta tofar.

"Tir! Ashe haka take? Wannan ai Fir'auna tun kafin ya nutse ya ji jiki."

"Kin dai ɗanɗana. Gani ya kori ji."

"Fiya watar Zakirai da gishirin leda, shi ne za ka ce mini Maliya? Ɗan damfara."

"Kifayen dai 'yan can ne. Yanzu ƙiris ɗin ya ragu, Hajiya."

Sai ta tuntsire da dariya, har tana share ido da bakin mayafi.

"Ka ci wannan, mijin banza. Wurin na ba su, halak malak, amma kwaɗona ba inda za shi, ya riga su zuwa. Teku kam ka kawo ta a jarka. Makka kuwa ba ta shiga jarka, ita sai ka kai ni da kanka." Ta cusa masa maficin a hannu. "Ungo. Yi wa baƙina fifita, kuma matsa gefe, kanka ya tare mini kallo."