Yadda Za Ka Riƙe Waifai Ɗin Jami'a Har Ka Yi Ritaya Ba Ka Haɗa Wa Kowa Komai Ba

Barka da samun aiki. An ba ka ofis, an rataya maka kati a wuya, an ce daga yau kai ne mai kula da waifai ɗin jami'a. Ma'ana, duk wani abu mai batir ko filogi a harabar nan, tun daga wayar ɗalibi har na'urar da Farfesa ke leƙen ƙwayoyin cuta da ita, kai za a nema in ya ƙi hawa intanet. Kada gabanka ya faɗi. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari za ka kai ritaya da tumbinka da gashin kanka, ba a taɓa kama ka da laifin yi wa wani aiki ba.

Duk misalan da za ka gani na mutum ɗaya ne, wani gwani da ɗalibai suka laƙaba wa suna Kashe-Kunna. Babu wanda ya kai shi iya wannan sana'a, kuma babu wanda ya kai shi ɓata ta, don haka ka buɗe ido. Ƙwai ne ya kayar da shi. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, tana digirin digirgir a sashen kiwon kaji, kuma duk wahalar da ta sha shekara da shekaru tana kwance cikin wani injin ƙyanƙyasa a ƙarshen gonar jami'a. In 'yan tsaki suka fito, ta zama Dakta. In ƙwan ya lalace, wa'adinta ya ƙare, sai ta tattara takardunta ta koma gida.

Mataki na 1: Ka samu ofishin da ba a samu

Kada ka yarda da ofis mai taga a bakin hanya. Kashe-Kunna ya zaɓi wani ɗaki a ƙarƙashin matakala, bayan inda masu shara ke ajiye bokitai, kuma shi ne ɗaki ɗaya tilo a duk ginin da waifai ba ya shiga. Kujerar baƙi kuwa ya jibge mata matattun akwatunan waifai har sun kusa taɓa silin. Mai ƙorafin da ke tsaye ba ya daɗewa.

In fita ta kama ka, rataya igiyar waya a wuya, ka saɓa tsani a kafaɗa, ka riƙa kallon silin kana girgiza kai. Masana sun tabbatar ba a taɓa tsayar da mai ɗauke da tsani an tambaye shi kalmar sirri ba.

Mataki na 2: Kada ka taɓa cewa a'a

A'a tana jawo takardar koke. Kai dai ka ba da shawara. Ga yadda gwanin namu yake yi da ɗalibi:

"Yallaɓai, wayata ta ƙi hawa."

"Ka kashe ka kunna?"

"Na yi, Yallaɓai, yanzun nan a bakin ƙofarka."

"A ina ta ƙi hawan?"

"A ɗakinmu."

"To ai a can za ka kashe ta. Je ka."

Da manya kuma sai ka ƙara ladabi, maganin dai shi ne. Wata rana wani Farfesa mai furfura ya sauko da kansa, yana haki, ya ce na'urarsa ta gwajin jini ta daina aika sakamako. Kashe-Kunna ya miƙe tsaye, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, a kashe ta a kunna."

"Injiniya, in aka kashe wannan na'ura sai ta yi mako ba ta dawo hayyacinta ba!"

"Madalla, ranka ya daɗe. Sai mu haɗu bayan mako."

Mataki na 3: Ka san marasa hannu

Nan ne ainihin ilimin yake, ka natsu. Waifai biyu gare ka. Akwai babba na mutane, inda kowa ke shiga da sunansa da kalmar sirrinsa. Akwai kuma ƙarami na marasa hannu, wato na'urorin da ba su da allo balle wurin rubutu: firinta, firjin ɗakin gwaji, ma'aunin zafi, kyamara. Waɗannan duk kalmar sirri ɗaya suke ci, kamar 'yan gida ɗaya a kwano ɗaya.

Doka ta ce ƙaramin na kayan bincike ne kawai. Daga ranar da aka kafa dokar, komai a jami'a ya zama kayan bincike. Ɗalibi zai shigo rungume da na'urar wasan ƙwallo, ya shafa wa idonsa toka ya ce ta nazarin saurin yatsu ce. Wata Malama ta kawo butar dafa ruwa mai magana da waya. Wani Dakta ya zo da ƙwan lantarki mai canza launi, wai yana binciken barcinsa. Kada ka yi musu gardama. Ka ce kalmar sirri sirri ce, ka nuna musu ƙofa.

Ta Kashe-Kunna doguwa ce mai ƙaho da jela, kwamfuta ce ta haɗa ta tun zamanin da ya kama aiki. Da ya shigar da ita sai ya yayyaga takardar ya zuba a kwata, saboda tsaro. Tun daga nan babu wanda ya isa ya ganta sai shi, in ya buɗe allon saiti, sai kuma dukkan mazauna ɗakunan kwanan ɗalibai, waɗanda har yau ba a san ta inda suka same ta ba.

Mataki na 4: Ba ka da dangi

Ga inda mutuminmu ya fara zamewa. Wata safiya yana shan shayi, 'yan biyu na faɗa a kan murfin kwalba, sai Maman 'Yan Biyu ta ajiye masa burodi ta zauna kusa da shi fiye da yadda ta saba.

"Baban 'Yan Biyu, yau mutumin kamfani zai kafa mini injin nan. Ya ce sai da waifai."

"Ki zo ofis, Malama, ki bi layi kamar kowa."

Ta yi masa kallon hadarin kaji, ta janye burodin.

Kafin rana ta take yana gona, ya buɗe kwamfutarsa yana karanto wa mutumin kamfani kalmar sirri harafi bayan harafi. Mutumin ya soka wata igiya a bayan injin, ya ɗura masa ita da wata kwamfuta tasa ta musamman, ya naɗe igiyarsa ya tafi. Kafin ya tafi ya yi bayani: kwamfutar Malama ce za ta riƙa gaya wa injin, ta waifai, yaushe zai juya ƙwai da yawan zafin da zai ba su. Injin ba shi da allo, ba shi da maɓalli, sai wani ɗan rami da ake tsikara da allura, wanda ke goge duk abin da ya sani.

Kai kada ka yi haka. Burodi ana sayarwa a bakin titi.

Mataki na 5: In babba ya kira, canza kalmar sirri

Za a yi ranar da Shugaban jami'a zai kira ka da kansa. Ta Kashe-Kunna ta zo ana saura kaɗan 'yan tsaki su fito. Katon talabijin ɗin ɗakin taron Shugaba, wanda shi ma a kwanon marasa hannu yake ci, ya fara sandarewa, ga shi da la'asar Shugaba zai gana ta cikinsa da wasu baƙi masu niyyar gina wa jami'a ɗakin karatu.

"Injiniya," in ji Shugaba, "in fuskata ta tsaya ko sau ɗaya a gaban mutanen nan, kai ma ka tsaya ke nan."

Maganin sauƙi gare shi, tunda tarin na'urorin da suka cika kwanon ne suka shaƙe intanet ɗin. Kashe-Kunna ya koma ƙarƙashin matakala, ya goge tsohuwar kalmar sirri, ya rubuta sabuwa, ya hau sama ya sa wa talabijin ɗin Shugaba da hannunsa. Nan take na'urorin wasa da butoci da ƙwayayen lantarki suka zube daga kan waifai gaba ɗaya. Intanet ya riƙa gudu kamar an kwance akuya. Shugaba har ya dafa kafaɗarsa. Mutuminmu ya sauko yana taku ɗai-ɗai, yana jin ina ma a ce akwai mai ɗaukar hoto.

Wannan mataki ba shi da aibi ko kaɗan, in dai ka bi na huɗu.

Mataki na 6: Kada ka ɗaga wayar gida a bakin aiki

Ya ɗaga.

"Baban 'Yan Biyu, me ka taɓa?"

Ba ta ɗaga murya ba, kuma abin da ya tsinka masa zuciya ke nan. Ya jefar da tsani, ya manta shi babban ma'aikaci ne, ya kwasa da gudu har gona. Ya same ta durƙushe gaban injin, ta lulluɓe shi da mayafinta da buhunan abincin kaji. 'Yar fitilar da ke gefensa ta koma ja. Ya daina juya ƙwai, zafinsa yana sauka a hankali, yana jiran umarnin da ba zai iso ba.

Ya kira mutumin kamfani, waya a kashe. Ya zagaya injin yana laluben inda zai rubuta sabuwar kalma, bai samu komai ba sai ɗan ramin nan. Ya ɗago kai ya dubi allurar da ke maƙale a ɗankwalinta.

"Ka taɓa ramin nan," in ji ta, "ka nemi inda za ka kwana."

Wani zai ce me ya hana a buɗe wa injin waifai nasa shi kaɗai? Wannan sai kwamiti ya zauna, kuma shugaban kwamitin yana hutu. Hanya ɗaya ta rage, a mayar da tsohuwar kalma. Ya rufe ido ya yi ta lalube a ƙwaƙwalwarsa. Ya tuna akwai bakwai a ciki, ko kuma tara. Gumi ya karyo masa har cikin takalmi.

Mataki na 7: Ko da wasa kada ka taka ɗakunan ɗalibai

Ya taka. Ya tarar da su cike da baranda, kowa rungume da matacciyar na'urarsa kamar gidan makoki. Suna ganinsa suka zuba masa ido. Mutumin da ya shekara yana korarsu, ga shi tsaye ba tsani, ba igiya a wuya, yana murza hannu.

"Samari, sannunku da hutawa. Wai ko akwai wanda ya riƙe tsohuwar kalmar sirrin nan?"

Wani dogo mai gajeren wando ya dube shi sama da ƙasa. "Wace kalma, Yallaɓai? Ai sirri ce. Mu ina muka santa?"

Kashe-Kunna ya sunkuyar da kai. "Ƙwan matata ne zai mutu," ya ce.

Aka dubi juna. Sai dogon ya juya ya ɗaga hannu kamar mai ba da waƙa, baranda gaba ɗaya ta ɗauka da murya ɗaya, babban harafi da ƙarami, lamba da alama, har da inda ake numfasawa. Wasu daga bene na sama suka leƙo suna amshi. Ya rubuta a tafin hannunsa ya juya da gudu.

A gona ya zauna kan buhun dusa ya buɗe kwamfuta. Ya san sarai abin da zai biyo baya: da ya danna, talabijin ɗin Shugaba zai faɗi a tsakiyar taro, na'urorin wasa kuma su dawo da 'yan'uwansu. La'asar ta riga ta yi. Ya dubi matarsa, ta sa kunne a jikin injin kamar mai sauraron numfashin jariri. Tausayinta ya kama shi, da kunyar kansa. Ya danna.

Fitila ta yi ja, ta yi ja, sannan ta koma kore. Injin ya yi wani gurnani, farantan ƙwai suka karkata a hankali. Maman 'Yan Biyu ta zame ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. A daidai lokacin, can a ɗakin taro, an ce Shugaba ya buɗe baki zai ce "muna godiya", sai hotonsa ya sandare, baƙi suka yi ta kallon bakin a buɗe har suka gaji suka tashi.

Wayar Kashe-Kunna ta fara ruri a aljihu. Ta katse, ta sake.

"Ba za ka ɗaga ba?" in ji ta, tana share ido.

"Bari dai zafin ya kai tukuna."

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna kallon ma'aunin yana hawa, wayar tana ta yi.

Gargaɗi

'Yan tsaki sun fito. Ba duka ba, amma sun isa kwamitin jarrabawa ya miƙe ya yi wa sabuwar Dakta tafi. Kashe-Kunna kuwa ya samu takardar tuhuma mai shafi uku, aka karɓe ofishin, aka mayar da shi sashen ɗauko majigi daga aji zuwa aji, inda kowa ke ganinsa kuma kowa ke aikensa.

Saboda haka marubucin wannan jagora, da iyalansa, da wanda ya buga masa, sun wanke hannunsu tas. Ba ruwansu da firintar da ta yi yaji, ko firjin da ya narke, ko Shugaban da ya sandare, ko auren da ya yi tsami. Alkawarin ritaya lafiya na wanda ya bi matakan ne sau da ƙafa. Wanda kuwa ya bar wayar Shugaba tana ruri don ya zauna kan buhu yana gadin ƙwan matarsa, wannan ba ɗalibinmu ba ne, ba mu san shi ba. In kun gamu da shi a hanya da majigi a ka, yana tafe yana murmushi shi kaɗai kamar wanda aka ƙara wa girma, kada ku tambaye mu dalili. Mu da muka bi matakan har ƙarshe, babu wanda ya taɓa yin kukan daɗi saboda aikinmu.