Yadda Za Ka Nuna Wa Gari Injin Motarka Bai Taɓa Ƙin Tashi Ba

Idan kana da tsohuwar mota mai silinda goma sha biyu, irin wadda aka ƙera da hannu a bayan garin Modena na Italiya don doguwar tafiya, kuma burinka ka tsufa ba tare da kowa ya taɓa ganin ana tura ka ba, to gyara zama. Matakai bakwai ne kacal. An gwada su shekara talatin a garinmu a kan Kawu Ermete da motarsa Gimbiya, ba su taɓa kuskurewa ba. Ni dai ban taɓa riƙe sitiyari ba, ka yi haƙuri, amma na karanta littafin injin sau huɗu, har da shafukan da baƙin mai ya ɓata.

Mataki na ɗaya: Haddace lambobi

Lamba ita ce garkuwar mai tsohuwar mota. Silinda goma sha biyu. Lita huɗu. Kafireta shida, kowace da baki biyu. Ƙarfin doki ɗari uku. Ka riƙa jero su tun kafin a tambaye ka, musamman ma idan wani abu daban aka tambaya.

Duk wanda ya tsaya a shagon kofi na Nerio ya ce, "Ermete, wai tana ba da matsala kuwa?" sai Kawu ya ajiye kartar da ke hannunsa ya ce, "Kafireta shida, ɗan'uwa. Taka nawa?"

"Ɗaya."

"Allah ya ƙara haƙuri."

Ka lura, bai amsa tambayar ba. Wanda aka jefa da lamba shida yakan manta abin da ya zo tambaya.

Mataki na biyu: San aibinta, ka haɗiye

Kowace gimbiya tana da halinta. Ta Kawu, in da sanyi ne, ba ta da abokin yi: a taka totur sau uku, a murɗa makulli, sai ta yi gurnani har gilasan maƙwabta su amsa. Amma idan ta yi tafiya ta ɗau zafi aka kashe ta, fetur ɗin da ke cikin kafiretocin nan shida sai ya tafasa. Daga nan ko roƙonta za ka yi da sunan mahaifiyarka, ba za ta tashi ba sai ta huce. Minti arba'in da biyar. Kawu ya auna da agogonsa tun yana da gashi.

Bai gaya wa bakanike ba, don bakanike yana da mata. Bai gaya wa matarsa, Inna Dirce, ba, don ita ce ta ce kada ya saya.

Mataki na uku: Nemi gangara

Injin da ya ƙi makulli ba ya ƙin gangara. A saki burki, a saka giya ta biyu, shi ke nan. Matsalar dai, garinmu a shimfiɗe yake kamar faifai. Tudu ɗaya ne a duk yankin, wato ganuwar ƙasa da aka yi don tare ambaliyar kogi. To nan Kawu ke ajiye mota, ko da gidan da zai je yana can ƙarshen gari.

"Me ya sa ka baro ta can?"

"Tana son iskar kogi."

Ka faɗi wannan fuska a ɗaure. Mutane ba sa gardama da wanda ya san abin da motarsa ke so.

Mataki na huɗu: Mai da jira ya zama halinka

Inda babu gangara, ka zama mai zumunci. Kawu bai taɓa shiga wuri ya fito kafin minti arba'in da biyar ba. Ya je sayen burodi, sai ya tambayi lafiyar kakar mai burodi. Ya je gidan waya, sai ya karanta duk sanarwar da ke bango. Ta'aziyya kuwa, shi ne na ƙarshen tashi, har akwai zawarawa biyu da suka ce ba su san yana ƙaunar mazajensu haka ba.

Ta haka ya yi suna a matsayin mutumin da ya fi kowa kirki a garin. Masu hikima sun ce, mai tsohon inji ba ya rasa abokin hira.

Mataki na biyar: Kada ka rantse a gaban suruki

Wannan mataki Kawu ya tsallake, shi ya sa nake jaddada maka.

'Yarsa Ombretta za ta auri Fausto, ɗan Gualtiero mai shagon tayal. Gualtiero yana da sabuwar mota ƙirar Jamus, kuma yana da ido. Ya daɗe da lura cewa bai taɓa ganin Ermete ya kashe mota ya sake tayarwa nan take ba. Saura mako biyu biki, ya sami Kawu a shagon Nerio, shagon a cike.

"Surukina, amarya a motata za ta bar coci. Ba na so 'yar mutane ta sha tura cikin farar riga."

"Tura? Gimbiya? Ita ba injin wanki ba ce irin taka, da ba a sanin ta tashi sai an ga ta yi gaba."

"To kai ta coci da ita, ka kashe a dandali, in an fito ka tayar. Murɗa ɗaya."

"In ta ƙi, makulli naka ne!"

"Kun ji da kunnenku," in ji Gualtiero. "Dama ina neman abin da zan girke a ƙofar shago in zuba masa tukwanen fure."

Sai da Kawu ya fita ya tuna abu uku. Dandalin coci ba shi da gangara ko ta yatsa ɗaya. Amarya ita ce ke isowa ƙarshe, don haka ba zuwa da wuri. Na uku kuma Fada Celso. Duk lardin babu limamin coci mai saurinsa. Yakan ɗaura aure cikin minti ashirin da biyar, don ba ya yarda taliyarsa ta huce. Gualtiero ya san da haka. A gabansa Fadan ya ɗaura auren 'yar shi Gualtiero ɗin.

Kawu ya koma gida ya zauna gaban kwanon taliyar tortellini bai ɗau cokali ba.

"Lafiya?" in ji Inna Dirce.

"Lafiya lau. Silinda goma sha biyu."

"Ci abincinka, romon zai huce."

Mataki na shida: Ran biki, kashe ta kamar ba komai

Kada ka bar injin yana aiki a ƙofar coci. Zai tafasa, kuma ba wanda zai ji amarya ta ce ta yarda. Kada ka kai amarya ka ce za ka ɗan zaga gari. Kai ne uba, hannunka za ta riƙe.

Asabar ce ta watan Yuni, rana tsaka. Maƙwabta sun tare hanya da farin ƙyalle har sau uku sai an raba musu alewa, ga allurar auna zafin inji tana ta hawa. Ƙarfe sha ɗaya da minti goma Kawu ya tsaya a dandali. Ya dubi makullin, ya dubi Gualtiero da ke tsaye kan matakala yana murmushi.

"Baba, har yanzu ba ka kashe motar ba," in ji Ombretta.

"Farin ciki ne."

Ya kashe.

A cikin coci bai ga fure ba, bai ji waƙa ba. Agogo kawai. Sha ɗaya da minti talatin da biyar, Fada Celso ya rufe littafi kamar kullum. Har Kawu ya fara hango Gimbiya da tukwanen fure a kan bonet.

Sai Fada ya ɗago ya dubi benci na gaba, ya yi ajiyar zuciya, ya sake buɗe littafin.

"'Yan'uwa, aure kamar jirgin Annabi Nuhu ne. Bari mu fara da tsawon jirgin."

Ya yi tsawo, ya yi faɗi. Ya shigar da dabbobi biyu-biyu, kowace da sunanta. Gualtiero ya fara tari. Fada ya sake duban benci na gaba, ya koma kan kwana arba'in na ruwa, kamar zai ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Mai kiɗan coci ta maimaita kowace waƙa sau biyu.

Kawu ya runtse ido yana godiya ga Allah. Da idonsa a buɗe yake, da ya ga matar da ke gefensa tana girgiza wa Fada kai a hankali duk sa'ad da ya dubo.

Mataki na bakwai: Murɗa, kuma kada ka yi tambaya

Sha biyu saura minti biyar aka fito. Arba'in da biyar cif. Ana watsa wa ango da amarya shinkafa, Kawu ya zabura zai sauka, sai Inna Dirce ta cafke hannun kwat ɗinsa.

"Hoto."

"Dirce, sake ni!"

"Na ce hoto. Tsaya nan. Gualtiero, matso kusa da surukinka. Kai mai hoto, sake ɗauka, na ƙifta ido."

Sau biyar tana ƙifta ido. Sai da ƙararrawar coci ta buga sha biyu ta sake shi.

Kawu ya shiga mota ya zauna, ya taka totur har ƙasa, ya murɗa. Gimbiya ta yi tari ɗaya, sannan silinda goma sha biyun suka kama gaba ɗaya, tattabarun da ke kan rufin coci suka watse.

Ya leƙo ta taga. "Surukina! Furannin nan, zuba su a taka!"

Amarya ta shiga, aka bi su da ham har kwanar gada.

A kan matakala Fada Celso ya matso kusa da Inna Dirce, muryarsa duk ta dishe.

"Shekara arba'in ina wa'azi, ban taɓa kai jirgin nan gaɓa ba sai yau. Ba arba'in da biyar kika ce mini ba? Hoton na mene ne?"

"Arba'in da biyar lissafin Ermete ne, Fada. A watan Yuni hamsin take so."

"Ya sani?"

"Ina zai sani? Shekara talatin, in zafi ya zo, ni ce nake manta jakata a cikin shago, har minti biyar ɗin su cika."

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan ya tsinci kansa yana tura mota cikin kwat ɗin biki, babu ruwana, babu ruwan littafin injin, wanda na sake dubawa ban ga Inna Dirce a cikin jerin kayan gyara ba. Idan surukinka ya karɓe makulli, kai ka rantse. Idan kuma ka haɗu da Kawu Ermete a shagon Nerio, ba ka karanta wannan ba. Har yau cewa yake ba ta taɓa ƙin tashi ba, duk shagon kuma gyaɗa kai suke yi.