Rasuwar Sannu-Sannu, Motar Bukari, a Hannun Surukinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya ƙi wucewa, Malam Bukari direba na Zangon Sokode yake sanar da 'yan uwa, da fasinjoji, da masu dariya a ɓoye, rasuwar motarsa Sannu-Sannu, Fijo mai dogon baya, wadda ta cika da safiyar Talata a wani ƙauye bayan Dapaong. Ta tsufa kam, amma ba tsufa ya kashe ta ba. Kashe ta aka yi, ido na ganin ido.

Marigayiya ta ƙare rayuwarta a hanyar Sokode zuwa Dapaong. Ta ɗauki doya, ta ɗauki awaki, ta ɗauki amare da masu naƙuda, ba ta taɓa zaɓen fasinja ba. Igiya ke riƙe da ƙofarta ta baya, amma ba ta taɓa zubar da ɗan kowa a titi ba. Da safe gaisuwarta ita ce "kyar-kyar-kyar, gurrum", in kuma ta zo hawan Aledjo sai ta yi "uhu, uhu" kamar tsohuwa mai mura, ta haye abinta. Ita ce gonar Bukari, ita ce rumbunsa. Ba shi da wata sana'a bayanta.

Bana da sanyi ya shigo aka gama girbi, dangin matarsa Azara suka haɗa ayarin motoci yadda suka saba, a je ƙauyen kakanni a gaida tsofaffi, a dawo da zabbi da sabuwar dawa. Sannu-Sannu aka sa gaba. A kujerar gaba kuwa mahaifin Azara ne ya harɗe, yana koya wa Bukari hanyar da Bukari yake bi kullum. Bukari ba ya kama sunansa, don suruki ne. Mai wannan rubutu ba 'yarsa yake aure ba, saboda haka zai faɗa: Alhaji Alidu ne, wanda ya taɓa jan babbar mota a hanyar Cinkassé zamanin ƙuruciya, tun daga nan kuma yake ganin duk wani ƙarfe mai taya jikansa ne.

Safiyar komawa sanyi ya kama marigayiya, ta ƙi tashi. Ba sabon ciwo ba ne. Bukari ya san maganinsa: a bari rana ta ɗan hau, a tura ta, shi ke nan. Sai Alhaji ya fito lulluɓe da bargo.

"A kawo gawayi," in ji shi. "Haka muke yi wa kamiyo, manyan motocinmu. A ɗumama mata ciki, gazuwal, man dizal ɗin, ya saki."

Bukari ya tsuguna, kansa a ƙasa. "Baba, ita esansi take sha, fetur ke nan. Kuma tana ɗan ɗiga."

"Yaro, tun ba a yaye ka ba nake tuƙi."

"Haka ne, Baba."

Iyakar gardamar ke nan, don ba a ja da suruki a gaban danginsa. Abin da ya fi ci wa Bukari rai shi ne, shi aka ce ya tura kaskon wutar ƙarƙashinta, kuma ya tura, da hannun da ya shekara yana goge ta. Maganarta ta ƙarshe ita ce "fuuu", sai "bum".

Ba wanda ya ji ciwo. Alhaji ya yi asarar gefen babbar riga da rabin gemu, mata suka yi kansa da ruwa da sannu har aka rasa wurin tsayawa. Bukari kuwa yana gefe yana kallon abincin 'ya'yansa na ci da wuta, ko mutum ɗaya bai dube shi ba. Da wuta ta lafa, Alhaji ya shafa ragowar gemunsa ya yanke hukunci cewa dama kwananta ya ƙare.

Marigayiya ta bar mai ita, wanda aka dawo da shi a bayan motar wani, zaune kan buhun dawa, zabo na tsattsagar ƙafarsa. Ta bar taya guda mai faci bisa faci, da makulli wanda har yanzu yake aljihunsa, da makanikenta Sharifuddeen, wanda da ya ji yadda aka yi sai ya ajiye sifana ya riƙe baki.

Za a ɗauko gawar ranar Juma'a a kai ta wurin maƙeran Sokode, waɗanda suka ce jikinta zai yi kyau da kaskon gawayi. Zaman ta'aziyya a tasha ne, gindin mangwaro, bayan la'asar. Duk mai niyyar cewa "ai ƙarfe ne" ya zauna a gidansa, Allah Ya ba shi lada. Alhaji Alidu ya aiko cewa zai zo da kansa. Bukari zai shimfiɗa masa sabuwar tabarma, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya yi masa jajen gemu, sannan ya ce, "Ba komai, Baba." Ana roƙon jama'a su taya shi neman gafara tun yanzu, don ƙarya zai yi.