Takardar Hayar da Na Sa wa Hannu Ban Karanta Ba

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya a meri ta Madawa, wato ofishin magajin gari, ina koya wa masu gidajen haya doka ba. Ni tsohon darektan lakkwal ne, wato shugaban makarantar boko, shekara talatin ina jan kunnen yara a kan su karanta tambaya kafin su ba da amsa. A garinmu har yau Mushe ake ce mini, kamar yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, kuma a lokacin nan ina jin sunan har cikin ƙashina.

Gida ɗaya gare ni na haya, ɗaki biyu da zaure, ginin ƙasa da rufin kwano. Na gina shi ne don ɗana Isufu, wanda aka sa ranar aurensa bayan kaka. Nufina in ba da haya na wata shida, amarya na zuwa in karɓi abina.

Sai aka fara shela a rediyo cewa dokar haya ta sake. Yanzu ana son yarjejeniya a rubuce, kuma ba a fitar da mutum haka kawai don mai gida ya tashi da fushi. Masu gidaje suka rikice, ni kuwa daɗi ya kama ni. Mutanen nan da suka yi arziki da albasa, masu ba da gida da musafaha da goro, yau ga shi sun zo hannu. A fadarmu ta shan shayi na dinga yi musu dariya, musamman Alhaji Tanko, mutumin Babankatami, mai gidaje huɗu wanda ko sunansa sai da dangwale. Na ce masa zamanin "na yarda da kai" ya wuce, yanzu zamanin masu alƙalami ne. (Allah Ya yafe mini, har da kaɗa yatsa na faɗa.)

Na lalubo takardar haya a wayata, da Faransanci, na zaɓi wadda ta fi kowace tsawo, shafi takwas cur, don a ganina doka ba ta zuwa a gajarce. Na kai shagon fotokopi aka buga. Shafin farko kawai na duba, na cike sunaye. Sauran kuwa na ce ai Faransanci ne, ni da shi mun san juna.

Wadda ta kama gidan wata ungozoma ce da aka sauyo daga Keita, Madam Hadiza, da ƴaƴanta uku. Ta zauna a zaure ta karanta takardar tas, tana yi tana ɗago ido tana dubana. Sau biyu ta tambaye ni ko na karanta. Na ji haushi ƙwarai, na gaya mata tun ba a haife ta ba nake karanta irin waɗannan. Ta ce to, ta sa hannu, na sa nawa da wani dogon lanƙwasa.

Bayan sati uku meri ta kira taron masu gidaje da ƴan haya don bayanin dokar. Tsakiyar bazara ce, zauren ya cika maƙil, kowa na fifita da abin da ya samu. Jami'in da ke bayani ya tambaya ko akwai wanda ya riga ya yi takarda. Ban bari ya rufe baki ba. Na miƙe da babbar rigata, na ɗaga shafukana takwas sama, na ce ga abin koyi ga waɗanda Allah bai ba karatu ba. Jami'in ya ji daɗi, ya ce in karanta in fassara da Hausa kowa ya amfana.

Shafin farko ya tafi sumul. A na biyu na ji bakina yana fassara cewa wajibi ne mai gida ya sa na'urar ɗumama ɗaki, ya tabbatar tana aiki. A Madawa. Gumi na bin gemuna. Wani daga baya ya yi tari irin na mai danne dariya. Na yi sauri na wuce, sai na faɗa kan sharar ƙanƙarar da ke zubowa daga sama a ƙofar gida lokacin sanyi, daga nan kuma gyaran na'urar hawa bene. Sai a nan na gane takardar mutanen Faransa ce na kwaso, da dokarsu da sanyinsu.

Alhaji Tanko ya ɗaga hannu cikin ladabi. "Mushe, a gahwarce ni, ni jahili na. Wagga ƙanƙara, mu za mu sawo ta ko gwamnati ka kawowa?"

Zauren ya fashe. Har jami'in ya sunkuyar da kai yana gyaran takardun da ba su buƙatar gyara. Na so in zauna, amma na ce bari in ƙarasa da mutunci. Idona ya sauka a kan wani layi, na yi maza na tsallake shi.

Daga ɓangaren mata muryar Madam Hadiza ta taso, a natse. "Mushe, ka ƙetare layi guda. Wanda anka ce shekara ukku."

Dole na koma na karanta da bakina: haya ta shekara uku ce, mai gida ba shi da ikon karɓar gidansa kafin nan. Jami'in ya ce zancen ƙanƙara da bene ba mai kama ni da shi, amma wa'adi kam tunda mu biyu muka sa hannu da hankalinmu, ya zauna. A nan dariya ta tsaya, domin rabin zauren sun san da auren Isufu, kuma shirun ya fi dariyar ciwo.

Washegari na je wurinta, na ajiye Faransanci a gida, na roƙe ta da Hausa. Ta ba ni ruwa, ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce ta riga ta sa yaranta lakkwal a unguwar, kuma an sha tashinta daga gida ba shiri, wannan ne karon farko da takarda ta tsaya mata. "Sau biyu na tambaye ka, Mushe," ta ce. Gaskiya ban ga laifinta ba.

Isufu bai yi mini faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya je da kansa ya nemi ɗaki biyu a bayan tasha, can aka kai amaryarsa. Ni mai gidan haya, ɗana yana zaman haya, kuma duk sanda zan je gaishe su sai na bi ta ƙofar gidan da na gina masa.

Abin da na koya kaɗan ne, amma na saye shi da tsada. Wanda bai iya karatu ba yakan nemi a karanta masa, ya saurara har ƙarshe. Irina, mai ji da kansa, shi ke sa hannu a shafi na takwas bai ga na biyu ba.