Rasuwar Hajiya Bidiyo da Kaset a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da bai huce ba, ni Alhaji Malami Mai Gero na Gidan Dare nake sanar da rasuwar na'urar bidiyona, wadda unguwa ta sani da Hajiya, domin daga Jidda na ɗauko ta a kaina.

Ba tsufa ya kashe ta ba. Kashe ta aka yi.

Marigayiya mai ladabi ce. In an ba ta kaset, ta karɓa, ta ce "ƙyat", ta ce "ƙurrr", ta yi aikinta. Farar hula suka zo suka wuce, soja suka dawo da bulala, ba ta taɓa canza hali ba.

Ciwon ajalinta ya zo ta hannun ɗana na fari, wanda al'ada ta hana ni kiran sunansa. Ya gode wa al'ada. Ya dawo daga Ikko da wani ƙarfe a leda, wai sabon kan bidiyo ne, wai in an sa mata za ta riƙa nuna kaset ɗin Amurka. Ban ce ina son Amurka ba. Ina kasuwa ya kwance ta.

Daga ranar hoto ya kama birgima. Fuskokin mutane suka koma kore. Mai wa'azin cikin kaset ya rufe baki, muryarsa na nan tana tafe. Mai laifin ya murɗa wanga, ya murɗa wancan. Ya canza waya. Ya goge mata kai da auduga. Ya hura mata iska, ya mare ta a gefe. Ya ce laifin wuta ne, ya ce laifin talabijin ne. Da ƙarya ta ƙare, ya ce a gwada wani kaset.

Duk kaset ɗin gidan nan, na bikin ƙanwarsa Lantana ya zaɓa. A ciki uwarsa Iyatu take, Allah ya jiƙanta, tana dariya tana korar mai ɗaukar hoto da ludayi. Iyatu ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Wanga kaɗai gare ni.

Hajiya ta haɗiye shi. Ta ce "ƙrrr, ƙrrr, kaf". Shi ke nan.

Masu gyara sun duba. Bakinsu ɗaya: zaren kaset ɗin ya naɗe a cikinta, ba ya fita sai da almakashi. Na ce wanda ya sa wa Iyatu almakashi, ni da shi.

Marigayiya ta bar talabijin yana ta yayyafi shi kaɗai, da marayun kaset na kokawa da na wa'azi. Ta bar maƙwabta masu kallon banza, waɗanda tuni suka koma kallo zauren maƙwabcina Muntari ba ko sallama. Kada su zo. Na yafe gaisuwarsu.

Ba za a yi mata wanka ba, ta sha gugar da ta ishe ta. Gobe bayan la'asar za a naɗe ta da farin yadi, da abin da ke cikinta, a sa ta cikin adakata, in kulle. Makulli na aljihuna.

Ana karɓar gaisuwa a zaurena. Wanda ya yi aikin yana iya zuwa, ya zauna bakin ƙofa, ban da magana. Ba zan zage shi ba. Ranar da 'ya'yansa suka tambaye ni kamannin kakarsu, wurinsa zan tura su.